Tun Ina Gane Fuskarta

"Ya sake korata, Farida," in ji Zikrullahi a ƙofar gidan su Farida da ke unguwar Barkin Sale a Minna. "Wai ɗan gidan waye ni da zan riƙa yi masa tsaye a ƙofa..."

Takaici ya turnuƙe Farida. Mahaifinta, Baba Alhassan, da bakinsa ya ce ya ba Zikrullahi ita, a gaban dattawan yaron da suka taso tun daga Bida. Yanzu kuma yau ya rungume yaro, gobe ya fatattake shi. In ya fasa ne ya fito fili mana!

Sai da tsohon ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsu sannan jikinta ya yi sanyi, ta lallaɓa shi zuwa wani asibiti a Abuja. Aka manna masa wayoyi a kai, yana ta mitar ya zama rediyo.

"Ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki take aiki," in ji likita, yana nuna mata zanen da na'urar ta fitar. "Ta Baba ta fara tafiyar hawainiya. Da alama farkon ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya."

Ashe mara lafiya take ta yi wa fushi. Kunya ta kama ta.

Da suka dawo Minna ta tari Zikrullahi a zaure.

"Mu ɗage bikin nan."

"Zuwa yaushe, masoyiyata?"

"Sai ya samu sauƙi..."

"Haba Farida, ke fa kika ji likita da kunnenki. So kike mu tsufa ina shan kora?"

"To in tafi in bar shi da wa?"

"Wa ya ce ki bar shi? Ɗakin da na kama, ko kin yi tari a can zai ji."

"Kai dai ba ka da haƙuri!"

Gyaran murya suka ji. Baba ne riƙe da buta, ya ƙura wa Zikrullahi ido har Farida ta sadaƙar wata korar ce.

"Yaro, sunanka ya kuɓuce mini, kada ka riƙe ni," ya ce a hankali. "Je ka gaya wa manyanka Juma'ar nan za a ɗaura. Ni zan ba da 'yata da bakina, tun ina gane fuskarta."

Farida ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa tana kuka.