Waƙar Mutum Bakwai

A unguwar Dilimi da ke Jos akwai wata yarinya mai suna Madina. Tana aji biyar a firamare. Ƙarama ce a jiki, amma Allah ya ba ta murya. In ta ƙwala wa ƙanenta kira daga ƙofar gida, har masu keke a bakin titi sai sun waiwaya.

Yayanta Mahdi yana aji shida. Shi ne golan ƙungiyar ƙwallon makarantarsu. Madina kuwa ita ce mai ba da waƙa idan ana wasa. Waƙar ba ta da wuya. Za ta ce, "Dilimi, kuna ina?" Jama'a su amsa, "Ga mu nan!" Ta ce, "Wa zai ci?" Su ce, "Mu ne!" Ko ɗan aji ɗaya ya iya ta.

Sai dai bara ƙungiyar ba ta taɓuka komai ba. Duk makarantar da ta zo sai ta lallasa su. Wata rana har ƙwallo shida aka zura musu. A hankali 'yan kallo suka riƙa zamewa. Wannan ya ce an aike shi, wancan ya ce kansa ke ciwo. Daga ƙarshe mutum bakwai kacal suka rage a bakin fili, har da Madina. Ruwan Jos mai sanyin nan ya sha dukansu. Wata Laraba har ƙanƙara ta sauko. Suka ɗora jakunkunansu a ka, suka ci gaba da waƙa.

Cikin waɗanda suka gudu, wadda ta fi ɓata wa Madina rai ita ce Nkoli. Ƙawarta ce, benci ɗaya suke zama a aji. Daga unguwar Nasarawa Gwom take zuwa, inda babanta yake da shagon kayan babur.

Bana kuwa abin ya canja. Aka kawo sabon malamin wasanni, Malam Pwajok. Ya gyara ƙungiyar, suka ci wasa huɗu a jere. Suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar makarantun firamare. Za su kara da wata makaranta ta unguwar Kwararafa sau biyu, ɗaya a gida, ɗaya a waje. Wannan ce shekarar Mahdi ta ƙarshe a firamare. Ba shi da wani buri da ya wuce ya buga wasan ƙarshe kafin ya fita.

Nan da nan fili ya sake cika. Masu ciwon kai duk sun warke. Waɗanda aka aika duk sun dawo daga aike. Kowa yana murna, ban da Madina. Ita kam sai shan kunu take yi.

Ana gobe wasa, Nkoli ta taɓa ta a aji.

"Madina, gobe ki riƙe mini wuri kusa da ke."

"Wurin 'yan asali ne," in ji Madina. "Ke kina ina ranar da aka ci mu shida?"

"Haba, Madina. Ai ga shi na dawo."

"Kin dawo da kika ji ana maganar kofi."

Nkoli ta ci gaba da rubutunta.

Da aka fita hutun ƙarfe tara, Madina ta tara abokanta shida a bayan aji. Ta ce ta tsara sabuwar waƙa, kuma su kaɗai za su san ta. Ta rage murya ta koya musu.

"Da ana ruwa, wa ya tsaya?"

"Mu bakwai!"

"Da ana cinmu, wa ya tsaya?"

"Mu bakwai!"

"To wa ya gudu?"

"Ga su nan!"

Ta ce idan an zo wurin "ga su nan," kowa ya juya ya nuna jama'a da yatsa.

Wani yaro a cikinsu, Abdulfatah, ya sosa ƙeya. "Anya, Madina? Ba za su ji haushi ba?"

"Su ji mana," in ji ta. "Ai don su ji na yi ta."

Washegari da yamma fili ya cika maƙil. Ɗalibai sun zo, iyaye sun zo, har teloli da direbobin unguwa sun leƙo. 'Yan Kwararafa ma sun zo da nasu mutanen, har da ganga.

Alƙalin wasa ya hura usur. Jama'a suka zuba wa Madina ido, suna jiran tsohuwar waƙa. Ta hau kan wani dutse a bayan ragar Mahdi. Ta cika ƙirji, ta saki sabuwar.

Da farko mutane suka yi dariya, sun zaci wasa ne. Amma da aka maimaita sau uku, ana nuna su da yatsa, dariyar ta ɗauke. Wani tela ya ce, "Au, mu ake yi wa habaici?" Ya kakkaɓe rigarsa ya kama hanya. 'Yan aji shida suka bi shi. Nkoli ta ɗauki jakarta, idonta ya cika da ƙwalla. Kafin ka ce me, jama'a sun fara tururuwa zuwa ƙofar makaranta.

To, a Jos, idan taro ya watse lokaci guda, gaban kowa faɗuwa yake yi. Mahdi ya ji hayaniya a bayansa. Ya waiwaya, ya ga mutane suna ficewa. Ya zaci wani abu ne ya faru a gari. Sai ya manta da wasa, ya shiga raba ido yana neman ƙanwarsa.

A daidai lokacin ɗan wasan Kwararafa ya buga ƙwallo daga nesa. Ba wata ƙwallo ce mai ƙarfi ba. Ta gangaro a hankali, ta wuce ta gefen ƙafar Mahdi, ta shige raga.

'Yan Kwararafa suka kaure da ihu da kiɗa. Madina ta yi ƙoƙarin ta da waƙa, amma muryar mutum bakwai ba ta iya ja da ganga. Haka aka tashi, ɗaya da nema.

A hanyar gida Mahdi ya yi gaba abinsa. Da suka shiga, ya jefar da safar hannunsa a tsakar gida, ya ƙi cin abinci.

Babansu, Malam Labaran, tela ne. Yana zaune a kan keken ɗinkinsa a zaure. Labari ya riga ya iso masa, don telan da ya fara fita daga fili maƙwabcinsa ne. Ya kira su duka biyun.

"Mahdi, me ya sa ka bar ƙwallon nan ta wuce?"

"Baba, na zaci rikici ne ya tashi," in ji Mahdi. "Madina nake nema. Na ji tsoro kada a tattake ta."

Madina ta dubi yayanta. Ashe saboda ita aka ci su. Ta fashe da kuka.

"Baba, ni ba haka na so ba. Amma ai gaskiya na faɗa. Sun gudu! Mu ne muka sha ruwa da sanyi. Yanzu kuma kowa ya zo yana cewa ƙungiyarsa ce."

"Gaskiya ne, kun yi ƙoƙari," in ji Baba. "Babu mai ƙwace muku wannan. Amma bari in tambaye ki. Da kike tsayawa cikin ruwa, don wa kike tsayawa?"

"Don Yaya Mahdi da 'yan ƙungiya."

"Yau kuma da kika hau dutse, wa kika yi wa waƙa?"

Madina ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Kaina."

Baba ya nuna mata tarin yadudduka da ke gefensa. "Kin ga waɗannan? Akwai masu kawo mini ɗinki kowane wata. Akwai kuma waɗanda ba na ganinsu sai Sallah ta matso. Kin taɓa jin na ce wa ɗan Sallah ya koma inda ya fito?"

"A'a."

"Kujera nake ba shi, in tambaye shi iyali. Da yawa daga cikin masu zuwa kowane wata, da Sallah suka fara zuwa. Da na kore su ran farko, da yanzu ni kaɗai nake zaune a zauren nan."

Madina ta share hawaye. Ta juya wajen yayanta. "Yaya, ka yi haƙuri."

"Na haƙura," in ji Mahdi. "Amma saura wasa ɗaya, kuma a filinsu ne. Wa zai bi mu Kwararafa bayan abin da ya faru?"

Wannan tambayar ta tsaya wa Madina a rai.

Da safe ta sami Nkoli a aji. Nkoli ta matsa can ƙarshen benci, ta kau da kai.

"Nkoli, na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Nkoli ta juyo. Sannan ta ce, "Kin san me ya sa na daina zuwa bara? Ba a aike ni ko'ina ba. Duk ranar da aka ci mu, kuka nake yi har gida. Na gaji da kukan ne. Ni ba ni da ƙarfin zuciya irin naki."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kin tambaye ni?"

Madina ta ji kunya ta rufe ta. Ita dai ta yanke hukunci ne kawai, ba ta taɓa tambayar kowa ba.

Daga nan ta wuce wurin Malam Pwajok. Ta roƙe shi ya bar ta ta yi magana a wurin taron safe. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Wata sabuwar waƙar kika kawo mana?"

"A'a, Malam. Haƙuri zan bayar."

"To, wannan kam na yarda."

Ranar Litinin ta tsaya a gaban makaranta gaba ɗaya. Yarinyar da ake jin muryarta daga bakin titi, yau sai da na baya suka ce ta ɗaga murya.

"Na yi kuskure," in ji ta. "Ƙungiyar nan ba ta mutum bakwai ba ce, ta mu duka ce. Wanda ya zo bara da wanda ya zo jiya, duk ɗaya ne. Don Allah ku zo Kwararafa ranar Laraba."

Wani ɗan aji shida ya ce, "Mu da muka gudu?" Aka yi dariya. Madina ta ji kamar ta nutse a ƙasa, amma ba ta sauka ba.

Sai Nkoli ta ɗaga hannu daga layin 'yan aji biyar. "Ni zan je," in ji ta. Abdulfatah ya ce shi ma. Hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba kowa ya ɗaga ba, don wasu har yanzu suna fushi. Da yamma kuma Madina ta je shagon telan nan maƙwabcinsu, ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Ya ce ya ji, zai duba.

Ranar Laraba Malam Pwajok ya jera su biyu-biyu, suka taka zuwa Kwararafa. Madina ta waiwaya, ta kasa hango ƙarshen layi. Can baya ga telan nan, ya rufe shago ya biyo su.

Da aka fara wasa, ta ja numfashi ta ce, "Dilimi, kuna ina?"

"Ga mu nan!"

Amshin ya yi ƙarfi har mai gangar Kwararafa ya tsaya yana kallo. 'Yan Dilimi suka ji ƙarfi a jikinsu. Kafin hutun rabin lokaci suka zura ɗaya. Bayan an dawo suka ƙara ta biyu.

Saura minti biyu a tashi, alƙali ya ba Kwararafa fenariti. Muryar Madina ta dushe sarai, ta buɗe baki babu abin da ya fito. Ta kama hannun Nkoli.

"Ki ba da waƙar," in ji ta cikin raɗa.

"Ni? Ni da na dawo jiya?"

"Ke fa. Yi sauri!"

Nkoli ta ɗaga murya, jama'a suka amsa. Mahdi bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Aka buga, ya yi tsalle ya cafke ƙwallon, ya rungume ta a ƙirji. Alƙali ya hura usur. Dilimi ta kai wasan ƙarshe!

Mahdi ya rugo bakin fili, jikinsa duk laka. Ya ɗaga ƙanwarsa sama yana dariya. Madina ta so ta yi ihu, amma babu murya, sai hawayen daɗi kawai. Sauran jama'a suka yi mata ihun.

Tun daga ranar Madina ta gane abu guda. Tsayawa da naka a lokacin wahala abu ne mai kyau, amma ba abin yi wa wasu gori ba ne. Idan wanda ya tafi ya dawo, kada ka tambaye shi inda ya shiga. Ka matsa masa wuri, ka ce masa sannu da zuwa.