Faifan Yinin Bikin Hafiza

Ranar Talata da hantsi wata dattijuwa mai suna Barira ta shigo caji ofis ɗin Zakirai, ta dire wani faifai a kan teburin Sufeto Bunu kamar ta ɗauko mushe.

"Ranka ya daɗe, memorin wayata aka sace. Ga abin da aka yi da shi."

Sufeto Bunu ya shekara goma sha tara a bakin aiki, ya ga gawa ya ga jini, amma abin da ta faɗa masa sai da ya sa ya ture kofin shayinsa. Makonni uku da suka wuce aka yi bikin 'yar ɗan'uwanta Hafiza da Fa'izu. Ranar yini mata suka kulle ƙofa, suka yar da mayafai, suka cashe a tsakar gida, Barira ta ɗauka a waya don tarihi. Yanzu ga shi an buga a faifai, ƙartai na kallo a majalisa suna shewa.

"Ina amaryar?"

"Tana gidanmu, ko abinci ba ta ci. Yayan mijin, Dabo, shi ya sako ta a gaba. Ya ce ta zubar musu da mutunci, ranar Juma'a Fa'izu zai ba ta takarda."

"A ina memorin ya ɓata?"

"A gidan angon. Na ba da waya a sa mini caji ranar buɗar kai, da na dawo gida na tarar babu shi."

Sufeto ya juya faifan. An rubuta "Rawar Amare" da koren maka, da wani irin rubutu mai kwanciya gefe guda.

A kasuwa shagon turin waƙoƙi ɗaya ne ke buga faifai har yanzu, saboda gidajen da suka riƙe tsofaffin dibidinsu. Mai shagon, Jamil, yana ganin kaki ya miƙe yana washe baki.

"Ka san wannan?"

"Wallahi ban taɓa ganin sa ba, yallaɓai. Ni wa'azi da karatu kawai nake bugawa."

Sufeto ya zaro faifan wa'azi daga kan kanta, ya jera su biyu. Koren maka ɗaya, rubutu ɗaya.

"Da hannun da ka rubuta sunan malami ka rubuta wannan. Ko kunya ba ka ji ba?"

Jamil ya fara zufa. "Wani baƙo ne daga Kunci ya kawo memorin, ya ce guda ashirin. Ban san shi ba."

"Ka duba abin da ke ciki?"

"Ba na dubawa, yallaɓai. Duk abin da na tarar a memori nake kwashewa gaba ɗaya in juye a faifai, yadda dibidin gida za ta karanta."

Ƙarya yake game da baƙon, Sufeto ya sani, don idonsa bai bar ƙofa ba. Ya sa aka tafi da shi ofis.

Daga nan ya wuce gidan angon. A zaure ya sami Dabo, ƙaton mutum mai kiwon shanu, ya baje kan tabarma da carbi a hannu. Fa'izu na rakuɓe a gefe, ya yi zuru-zuru.

"Wa ya karɓi wayar Barira ya sa caji?"

"Gidan biki ne, wa zai sani?" in ji Dabo. "Ni ko kallon ƙazantar ban yi ba, labari na ji. Amma mace irin wannan ba za ta zauna a gidanmu ba. Takarda ma na rubuta masa, sa hannu ya rage."

Sufeto ya dubi Fa'izu. "Kai fa, me ka ce?"

"Yaya ne babba," ya faɗa a hankali.

Haushi ya turnuƙe Sufeto. Ya fita ba sallama.

Da la'asar ya sa aka ta da janareto, ya rufe ofishinsa, ya saka faifan a dibidi. Dole ce ta sa, amma yana ganin matan mutane ba mayafi, tsofaffi da yara suna ta murnarsu ba su san komai ba, ya juya wa talabijin baya. Rimot ɗin ba batir, ya bar shi yana ta yi.

Kiɗa ya ƙare. Sufeto ya miƙa hannu zai kashe, sai ya ji kukan bijimi.

Ya waiwaya. Wani jan bijimi ne ɗaure a turke, murya na cewa, "Alhaji, ga shi nan, wata bakwai ina ba shi harawa. In ka shigo daga Dawanau ka gani da idonka." Mai maganar ya juyo da waya, fuskarsa ta cika talabijin ɗin.

Duk masu kallon majalisa da rawa ta ƙare suke cire faifai. Ita kuwa dibidi ba ruwanta, in ta gama bidiyo na farko sai ta zarce na biyu.

Washegari da safe Sufeto ya tara su: Barira, Fa'izu, Dabo da Jamil. Ya sayo batir, ya tsallake rawar, ya danna na biyu. Bijimi ya yi kuka.

"Bijimin wa ne wannan, Malam Dabo?"

Carbin ya tsaya cak.

"Ka zare memorin, ka sa a wayarka don ka kalla. Ka manta duk hoton da ka ɗauka bayan nan a cikinsa zai zauna. Jamil, wannan ne baƙon Kunci?"

Jamil ya sunkuyar da kai. "Shi ne. Ya ce in na faɗa zai ƙona mini shago."

Sufeto ya juya ga Dabo. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

Dabo ya ajiye carbin. "Ni na fara neman ta. Ta ce na yi mata tsufa. Sai kuma a kawo ta gidanmu, kullum in riƙa ganin ta tana kai wa ƙanena ruwa?"

"Tir!" in ji Barira, ta tofar da yawu a ƙasa.

Fa'izu ya miƙe. Ya zaro takardar daga aljihu, ya yayyaga ta a gaban yayansa. "Gwaggo, ki ce mata ina zuwa yanzu."

"Ka zo," in ji Barira. "Amma ka taho da amsar da za ka ba ta, don za ta tambaye ka abin da ya sa sai da bijimi ya yi kuka ka yarda da ita."

Aka sa wa Dabo ankwa, aka tasa ƙeyarsa tare da Jamil zuwa bayan kanta. Sufeto Bunu ya ba da umarnin a bi majalisa-majalisa a karɓo sauran goma sha taran, sannan ya fita bakin famfo ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu.