'Yar Goggo Barkono

Auta ta banko ƙofar falo, ta yi jifa da jakarta a kan kujera. Mahaifiyarta na zaune a ƙasa, tabarau a karan hanci, tana haddace maganganun da za ta faɗa gobe a wajen ɗaukar fim.

"Momi, hankalinki ya kwanta. Hajiyar Dogo ta ce ba za a yi aurena da ɗanta ba."

Momi ta zare tabarau. Kusan shekara arba'in ke nan tana wasan kwaikwayo. Ta faro a kan dandamali tana budurwa, ta shiga talabijin, ta zarce fim, lambobin yabo har sun rasa wurin zama a kan kantar falo. Amma duk rawar da ta taka, mutane guda ɗaya suka riƙe: Goggo Barkono, muguwar uwar miji a wani shiri mai dogon zango. Ko kasuwa ta shiga, sai ta ji wata ta ja tsaki a bayanta.

"Dalilinta?"

"Wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai in kin bar fim, kin fito a talabijin kin nemi yafiyar jama'a." Auta ta fashe da kuka. "Filis Momi, ki haƙura mana. Ai kin yi suna, me ya rage?"

Maganar ta yi wa Momi zafi fiye da duk tsakin kasuwa, don ba ta taɓa zaton jin ta daga bakin 'yar cikinta ba.

"In nemi yafiya? Sata na yi ko maita? Ke da na goya zuwa wajen aiki, kina barci a bayan kyamara, yau ke ce mai jin kunyata?"

"Ni ban ce ina jin kunyarki ba."

"Kin faɗa. Tashi ki ba ni wuri."

Da la'asar Dogo ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa, tsawon nan nasa duk ya naɗe. Ya ce ba zai saɓa wa mahaifiyarsa ba, ba zai kuma kalli wata ba bayan Auta. Zai jira. Momi ta dube shi a fusace, ta rasa ta inda za ta kama shi da laifi, wannan ya ƙara mata haushi.

Watanni suka shige. Auta ta daina kuka, ta daina gardama, sai rama. Ran da Momi ta ga zoben yarinyar ya zame daga yatsa ya faɗa cikin ruwan wanke-wanke, ta ajiye takardun aikinta, ta yafa mayafi, ta nufi gidan Hajiya.

Ta yi sallama sau biyu kafin a amsa, shi ma a ciki-ciki. Hajiya na kishingiɗe, ba ta ce mata ga wuri ba. Abin mamaki, talabijin na kunne, ga Goggo Barkono a ciki tana zazzaga wa matar ɗanta masifa.

"Ashe kina kallona," in ji Momi.

"Ba ya wuce ni. Shi ya sa na san ki ciki da bai." Hajiya ta nuna talabijin da baki. "Dubi yadda kike buɗe tukunyar yarinya, ki shinshina, ki mayar da murfi ba ki ce komai ba. Uwar mijina haka ta yi mini har ta koma ga Allah. Babu mai iya wannan sai wanda abin yake a jininsa."

"Ni ba na ƙirƙira, Hajiya. A jikin mutane nake ɗauka. Murfin nan daga tawa uwar mijin na ɗauko shi, ni ce nake tsaye a gefen murhu gabana na faɗuwa."

Hajiya ta ɗan yi turus, amma ta dake. "Daɗin baki ai sana'arku ce."

Nan ran Momi ya gama ɓaci. Ta gyara tsayuwa, ta ƙare mata kallo tun daga ɗaurin ɗankwali har yatsun ƙafa, irin kallon da take wa duk wanda za ta kwaikwaya.

"To na gode, ban zo a banza ba. Amsa sallama a ciki-ciki, barin baƙo a tsaye, nuni da baki. Goggo ma ba ta taɓa raba aure tun ba a ɗaura ba. Duk na ɗauka. Ki ci gaba da kallo, za ki ga kanki."

"Fita mini daga gida!"

Ta fita. Tun a hanya ta san ba za ta aikata ba, domin tozarta uwar Dogo tozarta Auta ne. Washegari darakta ya tambaye ta ko tana da sabon salon da za a ƙara wa Goggo, ta ce babu, ta haɗiye fushinta ta yi aikinta yadda ta saba.

Ba a rufa wata biyu ba, wata safiya aka yi sallama. Hajiya ce, Dogo na biye da ita kansa a ƙasa. Idanunta sun yi ja, ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Kin kyauta. Kowane mako sai na ga kaina. Yadda nake katse ɗana in yana magana, yadda nake cewa in ya ƙi bin umarnina ban yafe nono ba. Har ƙanwata ta kira ni tana dariya."

"Hajiya, zauna." Momi ta tura mata kujera. "Abin da ake nunawa yanzu tun bara muka ɗauke shi. Lokacin ko sunanki ban sani ba. Ban ƙara ko ɗigo ba."

Hajiya ta juya ga ɗanta. Dogo ya gyaɗa kai a hankali. "Gaskiya ne, Hajiya. Ranar da aka ɗauki wannan fitowar ma ina wurin, na kai wa Auta saƙo."

Hajiya ta zauna a kujerar. Ta kalli tafin hannunta, sannan ta ce, "Kira mini yarinyar."

Auta ta fito ta durƙusa. Hajiya ta kamo hannunta, ta ji yadda ya zama ƙashi zalla, sai hawaye. "Ni na yi miki wannan. Na sha a hannun wata, na rantse ba zan yi wa kowa ba. Ki yafe mini, 'yata."

Auta ta ce ta yafe, sannan ta rarrafa ta dafa gwiwar mahaifiyarta. "Momi, ni ma ki yafe mini."

"Sai na yi shawara," in ji Momi, tana share ido da gefen mayafi.

Aka yi aure, Momi kuma ba ta bar sana'arta ba. Dogo da Auta sun ci ribar haƙurinsu, ba su saɓa wa iyaye ba, ba su kuma saki juna ba. Mai saurin yanke wa wani hukunci da abin da ya gani a fuska, ya fara duba nasa halin tukuna, domin laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.