Kore Na Ojo Ne

Da fushinta Safinatu ta shigo rumbun lodi na wani kamfanin kai saƙo da ke Agege a Legas, tana tambayar wane ne ogan wurin. Masu lodi suka nuna mata Mahbub da baki, kowa ya sunkuyar da kai kan kwalinsa.

Mahbub ne shugaban masu lodi, haifaffen Agege, mai ji da kansa a kan aiki. Ya juyo da niyyar tambayar abin da ya faru, amma yana haɗa ido da ita ya ji ta kwanta masa a rai.

"Kai ne ka aika babbar rigar Babana Mushin?"

"Rigar wa, Hajiya?"

"Alhaji Jumare, dillalin raguna a Alaba Rago. Daga Kano aka ɗinko ta don ɗaurin auren ɗan amininsa. An ɗaura, an watse, riga na can tana yawo a Mushin. Da tsohuwar riga ya je!"

Gaskiyarta ne. An jefa kwalin a motar Mushin maimakon ta Ojo mai zuwa Alaba Rago. Mahbub ya ba da haƙuri, ya ce da kansa zai nemo rigar, sannan ya roƙi lambarta don ya sanar da ita. Lambar Alhaji kuwa ga ta nan a wurinsu, amma malamin ba ita ya nema ba.

Riga ta isa gida, amma saƙonni ba su tsaya ba.

"Salam, Hajiya mai fushi. Riga ta samu mai ita. Saura zuciyata, ita ma ta shiga motar Ojo, kuma ba kuskure ba ne."

"Oga Lodi, abeg ka bar ta a nan. In ka ce za ka ɗauko ta, Mushin za ka kai ta."

Mahbub ya yi ta dariya shi kaɗai a cikin danfo har kwandasta ya waiwayo. Wasa-wasa magana ta yi nisa. Shi yana ce mata Sahiba, ita kuwa ta ƙi sakin Oga Lodi, kuma duk duniya ba sunan da ya fi masa daɗi.

Sai dai a wurin aiki hankalinsa ba a kwance yake ba. Kwalaye duk kala ɗaya ne, rubutun adireshi ƙanana kamar tururuwa, motoci kuma a jere da safe kowane direba na danna hon. Mai lodi ya ɗauko kwali a guje, ina ya ga sararin tsayawa karatu? Kullum sai an samu kayan Ikorodu a Mushin, na Ojo a Mile 12. Manaja ta kira Mahbub ofis ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in cunkoson Babbar Sallah ya wuce a haka, wani za ta ɗora a kujerarsa.

Ana cikin haka ya shirya zuwa gaida Alhaji Jumare. Bai san Shafi'i ya riga shi ba. Shafi'i ɗan abokin kasuwancin Alhaji ne, ya daɗe yana zarya wurin Safinatu ba ta ko ɗaga masa ido, shi ne ya raɗa wa Alhaji cewa saurayin nan shi ya ɓatar da rigar.

Mahbub ya durƙusa ya gaishe shi a tsakiyar kasuwa. Alhaji bai ce masa zauna ba.

"Kai ne mai kwalaye?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗaga kai ka duba." Ya nuna garke da sandarsa. "Ragunan nan na mutane barkatai ne, tirela ɗaya ta kwaso su daga Arewa. Suna tafiya, suna tunkuyi, suna cakuɗewa. Ka taɓa jin rago ya kwana a hannun wanda ba nasa ba? Kai kuwa kwali ma, ba ƙafa ba ƙaho, ya gagare ka. Shi ne zan ɗauki 'yata in ba ka? Tashi ka ba ni wuri."

Shafi'i na gefe yana murmushi. Mahbub ya miƙe, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma tun da aka ce ya duba, sai ya duba ɗin. Kowane rago da shafin fenti a gadon bayansa, wani ja, wani shuɗi, na Alhaji kuwa kore shar. Yana kallo wani mai kiwo ya ɗaga murya ya ce "Ja!", aka amsa daga can "Ja, nan!", rago ya bi hanyarsa ba wanda ya karanta komai.

Daga ranar Safinatu ta daina jin ɗuriyarsa. Ta jira har ta gaji, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rubuta masa:

"Ashe magana ɗaya ta Baba ta isa ta kore ka. Na gode da na san irin son da kake min tun da wuri."

Amsa ta zo nan take.

"Sahiba, wallahi ban gudu ba. Kunya ce ta hana ni magana sai na wanke kaina. Baba ya zage ni, amma a cikin zagin ya ba ni mafita. Me ya sa a gadon baya kuke shafa fentin, ba a wuya ba?"

Ta karanta ta sake karantawa, fushin ya soma narkewa. Tun tana ƙarama ita ke dama wa Babanta fenti.

"Saboda in sun cunkushe a mota, baya kawai ake gani. Kwalayenka kuwa ɗora su ake yi kan juna, in ka yi alama a sama ka yi aikin banza. Ka zagaye su da ita ta kowane gefe. Kuma kar ka sake yi min shiru, Oga Lodi."

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mahbub ya kai wa Manaja shawarar, ta ce ya gwada. Aka sayo salatif mai kala-kala, kowace hanya da kalarta. Tun a teburin karɓar kaya, inda akwai natsuwar karanta adireshi, ake zagaye kwali da kalarsa. Aka shafa wa ƙofar kowace mota fenti irin nata, aka ja layi a ƙasa har bakinta. Mai lodi ya ɗauko kwali sai ya kira kalar, direba ba ya karɓa sai ya amsa. Da farko direbobi sun yi ta tsiya, wai an mai da su masu kiwo. Da suka ga sun daina komowa da kayan da ba nasu ba, su da kansu suka fi kowa ɗaga murya.

Ja ya zama na Mushin, shuɗi na Ikorodu, rawaya na Mile 12. Hanyar Ojo kuwa Mahbub bai yi shawara da kowa ba.

Labari ya kai kunnen Alhaji ta bakin Safinatu. Ya taɓe baki ya ce gani ya kori ji. Ana jajiberin Sallah, lokacin da rumbun ya cika har ba wurin sa ƙafa, ya sa aka ɗaure masa kwalayen kilishi iri ɗaya sak, na aminansa da ke unguwanni daban-daban, ya bi su da kansa har Agege. Shafi'i ya biyo shi don ya sha kallo.

Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa ya dogara sandarsa. Rumbun na ta amsa kuwwa.

"Ja!"

"Ja, nan!"

"Shuɗi!"

"Shuɗi, oya kawo!"

Yana kallo kwalayensa suka rarrabu, kowanne ya bi layinsa. Can sai idonsa ya sauka kan wata mota mai koriyar ƙofa.

"Waccan ta ina ce?"

Mahbub ya rusuna. "Ta Ojo ce, Baba. Ita ce mai zuwa Alaba Rago. Alamarka na ara, don a wurinka na koyi aikin nan, kuma duk wanda ya tambaye ni haka nake faɗa masa."

Manaja ta fito ta gaida Alhaji da girmamawa, ta ce tun da aka soma tsarin ba ta ƙara jin kukan ɓatan kaya ba, sauran rassan kamfanin ma sun aiko a koya musu. Alhaji ya gyara tsayuwa, ƙirji ya fito. Kafin la'asar wayarsa ta yi ta ƙara, aminai na godiyar kilishi, ba wanda ya ce bai ga nasa ba. Shafi'i dai tuni ya tuna yana da wani uzuri a Oshodi.

"Yaron da za a zaga ya tsinci ilimi a cikin zagin, wannan ɗan halak ne," in ji Alhaji. "Ka turo magabatanka bayan Sallah."

Mahbub ya ji alfahari ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya koma bayan kwalaye ya rubuta:

"Sahiba, kaya sun isa."

"Na sani, Oga Lodi. Baba ya kira ni yana ta fariya, wai shi ya gyara kamfanin Legas."

An ɗaura aure a Alaba Rago, Alhaji cikin babbar rigar nan da ta sha yawon Mushin. Da aka zo tafiya da amarya Agege, ya tsayar da motar, ya zaro koren ƙyalle daga aljihu ya ɗaura a hannun ƙofar da kansa.

Safinatu ta ɗago daga cikin lulluɓi, tana kuka tana dariya. "Baba, rago ka mai da ni?"

"Abin da na fi so kawai nake yi wa wannan alamar," ya ce. Ya juya ga Mahbub. "Ga amana nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari."

Masu lodi da direbobin da suka zo rakiya suka haɗa baki: "Kore!"

Mahbub ya dafa ƙofar motar ya amsa da ƙarfi, "Kore, nan!"