Ganyen da Aka Tsinke a Gangara

Da hantsi Dakta Hadiyya ta tarar an yanka ragar da ta kewaye gonar gwajinta a bayan Gangara. Sufeto Kalilu ya iso daga Sabon Birni idanunsa jajir. Ya kwana biyu yana rakiyar motocin kasuwa a hanyar Isa saboda 'yan bindiga, yau kuma ga shi an turo shi kan satar ganye.

"Ai wannan taba ce, Dakta," ya ce.

"Danginta ce. Mun sauya mata ƙwayoyin halitta don ganyen ya riƙa samar da sinadarin allurar rigakafin sankarar mahaifa. Amma sai an kai ɗakin bincike an tace. Duk wanda ya dafa shi haka nan ya sha, guba ya sha."

Kalilu ya zaga gonar. An ɗaura wa shukokin da aka sauya jan ƙyalle, na asali kuma fari. Ɓarawon bai taɓa masu fari ba. Bai tumɓuke ko tushe guda ba, manyan ganyen ƙasa kawai ya tsinke. Da zai fita kuma sai da ya tsaya ya ɗinke ragar da kaba.

Ya fara da Talha maigadi. "Ina ka kwana?"

"Yallaɓai, harbi munka ji wajen Tsamaye, kowa ya tsere cikin gari. Masallaci na kwana, a tambayi liman."

Liman ya tabbatar da haka.

Sai Nasiruddeen mai tabar gari, wanda ya taɓa neman a sayar masa da ganyen. Kalilu ya birkice rumfarsa bai sami komai ba.

"Ni da za ni sata, buhu za ni cikawa," in ji Nasiruddeen. "Mi ruwana da ja ko hwari?"

Maganar ta tsaya wa Kalilu a rai. Ya koma wurin Dakta. "Wa ya san abin da jan ƙyallen nan yake nufi?"

"Ni, da abokan aikina na Sakkwato, sai Malam Sammani da ya ba mu aron gonar. Na yi masa bayani ne don ya kwantar wa mutane hankali."

Gidan Malam Sammani ba kowa. Maƙwabciya ta ce da asuba aka tafi da matarsa Inno asibitin Isa, tana amai tana zufa. Ta daɗe ba lafiya dama, sankara ce. A madafi Kalilu ya buɗe wata tukunya, ya tarar da koren ruwa mai warin taba.

A motar Dakta suka tafi Isa. Sun sami tsohon a barandar asibiti, ya haɗa kai da gwiwa.

"Baba, kai ka shiga gonar," Kalilu ya ce a hankali.

"Wa ya ce?"

"Aikinka ya ce. Mai neman taba ba zai zaɓi masu jan ƙyalle ba. Wanda ya san ganyen magani ne ya zaɓa. Bai kashe shukar ba, ya rufe ragar kada awaki su shiga. Manomi ne mai tausayin gonar. Na kuma ga tukunyar."

Sammani ya ɗago ya dubi Dakta. "Ɗiyata, ba ke kika ce min maganin sankara ne ba?"

"Rigakafi na ce, Baba. In aikin ya yi kyau, zai kare wadda ciwon bai kama ba. Wadda ya riga ya kama, ba abin da zai yi mata."

Tsohon ya ce, "Kullum ina kallon shi cikin gonata shina tsawo, ita ko tana ƙarewa. Sakkwato sunka ce mu dawo gida mu yi haƙuri. Haƙurin ne ya gagare ni."

Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce gubar ta fara sauka, Inno za ta farka. Ba wanda ya yi murna sosai.

"Za mu ofis ka ba da bayani, Baba," in ji Kalilu. "Amma tukunya guda na gani, ganyen da aka tsinke kuwa ya fi haka. Ina saura?"

Sammani ya sunkuyar da kai. "Na raba. Ba Inno kaɗai ke da ciwon ga ƙauyenmu ba."

Kalilu ya rufe ido na ɗan lokaci. Dakta har ta ciro makullin mota.

"Tashi, Baba," ya ce. "Shiga gaba ka nuna mana gidajen."