Alkawarin Maman Fada

Maman Fada tana zaune a falo tana jan carbi sai ɗanta ya shigo da wata yarinya. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, amma tsohuwar ta kafe ido a bango kamar shi ya kawo gaisuwar.

Sunan nan kuwa da dalilinsa. Ranar da ta haifi ɗan nan, bayan ɓari uku, ta yi wa Allah alkawarin zai zama firist, wato Fada, limamin coci. Da ya shiga makarantar horon firistoci sai unguwa duka ta koma kiranta Maman Fada, ita ma har tafiyarta ta canza, benci na gaba a coci ya zama nata. Saura shekara guda a naɗa shi, sai ga shi a ƙofar gida da akwatinsa. Ya samu aikin koyar da ilimin addini a manyan azuzuwan wata sakandaren Katolika, can ya haɗu da nas ɗin makarantar. Yanzu kuma ita ce ya kawo, wai aure.

"Mama, albarkarki muka zo nema," in ji shi.

"Je ka nema wurin wanda ka guje wa." Sai a lokacin ta dubi yarinyar. "Ke kuma duk mazan duniya ba su ishe ki ba, sai na Allah?"

Nas ta fashe da kuka. Ɗan ya yi ta rantsuwa cewa ya bar makarantar firistocin tun kafin ya san ta, uwar ta tashi ta shige ɗaki.

Lahadin da aka fara sanarwar aurensu a coci, Maman Fada ta je wurin Fadan ikilisiya ta ce a dakatar. Ya gaya mata a hankali cewa ɗanta bai ɗauki wa'adin zama firist ba, babu dokar da ta hana shi aure. Abin da Fada bai hana ba, Nas ce ta hana: ta ce ba za ta shiga gidan da uwar miji ke kuka da ita ba, za ta jira.

Ta jira shekara biyu. Matan coci suka riƙa nuna ta da baki. Mahaifinta ya kwanta ciwo har ya rasu bai ga aurenta ba, Maman Fada ko gaisuwar mutuwa ba ta je ba. Duk da haka zuciyarta ba ta huce ba, don yarinyar ta ƙi tafiya, ɗan kuma kullum ramewa yake yi.

Wata Litinin ta yafa gyale ta nufi makarantar, niyyarta ta sa Sista shugabar makaranta ta kori Nas. A baranda ta ji muryar ɗanta daga ajin ƙarshe, ta raɓe jikin taga. Doka ta huɗu cikin Dokoki Goma ya rubuta a allo, ta girmama iyaye. Wata ɗaliba mai ƙarfin hali ta ɗaga hannu.

"Malam, kai da ka ƙi bin maganar mamarka, yaya za ka koya mana wannan?"

Malamin ya ajiye alli.

"Shekara bakwai na yi a makarantar firistoci saboda ita," ya ce. "Da na ci gaba, da kullum safe zan hau bagadin coci in yi wa Allah ƙarya, sannan in sauko in ji haushin mahaifiyata har in mutu. Na zaɓi ta yi fushi da ni, ni kuma in ci gaba da sonta."

Kunya ce ta kama Maman Fada, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta wuce ofishin Sista ba ta ko kalle shi ba, ta tambayi hanyar ɗakin shan magani. Nas na ganinta ta zube ƙasa za ta gaishe ta, tsohuwar ta riƙo hannunta ta ɗago ta.

"Tashi, 'yata. Ba ke kika ɗauke shi ba. Ni ce na yi kyauta da abin da ba nawa ba."

An ɗaura auren bayan wata uku. Haƙurin Nas ya biya ta, amma kawunta ne ya riƙe hannunta zuwa gaban bagadi, kuma Maman Fada ta san dalili, ta yi kuka fiye da kowa a cocin. Duk wanda zai yi wa Allah alkawari, ya yi da ransa, kada ya yi da ran ɗansa.