Dutsen da Aka Wanke da Sabulu

Saura ƙiris ta fasa rubuta wannan labari. Sau uku tana yaga takardar, wai wa zai karanta rubutun wadda ta tsaya a aji shida. Amma tunda ana ta yawo da zancen a karkace, gara a ji shi daidai.

Shara da goge-goge take yi a sashen nazarin taurari na jami'a. Ba ta ɗaga ido, ba ta daɗewa a ɗakin kowa. Wata safiya ta shiga ɗakin bincike ta ga wani baƙin dutse kamar ƙwan kaza a kan tebur, duk ƙura. Ta kai shi famfo ta wanke shi tas da sabulu, ta shanya a bakin taga.

Sai ga mai ɗakin, wani dogon saurayi mai tabarau, ɗalibin digirin dakta. Ya ga dutsen yana ɗiga. Bai yi faɗa ba, kujera ya laluba ya zauna. Can ya yi mata bayani a hankali: dutsen nan daga sama ya faɗo, ya girmi duniya, kuma shekara biyu ke nan yana neman alamar ruwa a cikinsa.

"To ai ga shi ka samu," ta ce, kafin ta toshe bakinta.

Ya yi dariya har da hawaye, ita kuwa kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A gaban Farfesan da ke duba aikinsa ya ce shi ya bar dutsen a fili, laifin nasa ne. Aka ƙara masa shekara guda. Tun daga ranar yake kiranta Mai Sabulu, ita kuma take kiransa Mai Dutse.

Yakan nuna mata hotunan wata jar duniya da ruwanta ya ƙafe. Rannan ta ɗora yatsa a wani lungu ta ce nan ruwa ya kwanta, domin a irin wurin nan datti yake taruwa in an goge daɓe. Ya daɗe yana kallonta, ba hoton ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Mai Sabulu, yau duniyoyi arba'in na duba, babu wadda zan iya zama a cikinta. Kin ci abinci?"

Ta amsa: "Na ci. Ka rufe dutsenka."

Da maganar aure ta taso, sai ya gaya wa mahaifiyarsa cewa sashe ɗaya suke aiki, ya yi shiru a kan sauran. Wata malama da ta daɗe tana kai masa shayi ofis kuwa ba ta yi shiru ba, har gida ta je ta kwance wa uwar komai.

Shi bai sani ba, ya rubuto: "Rabin raina, gobe Mama za ta zo ganinki. Don Allah ki ajiye tsintsiya, ki sa farar rigar ɗakin bincike. Na yini ɗaya kawai."

Ta yi kuka, ta share, ta rubuta: "Mai auna taurari bai kamata ya yi ƙarya a kan tsintsiya ba. Ba zan sa ba."

Uwar ta same ta tana goge baranda. Mai Sabulu ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ke ce kika ci masa shekara guda?"

"Ni ce, Mama."

"Yanzu kuma sauran shekarun kike nema?"

A karo na farko ta ɗaga ido. "Mama, na wanke dutse cikin rashin sani, kuma na koya. An ce in sa rigar aro yau, na ƙi. In ba zan shiga gidanku da tsintsiyata ba, da rigar aro ma ba zan daɗe ba."

Mai Dutse na bakin ƙofa, kunya ta rufe shi. Ya tako ya ɗauki bokitinta, ya tsaya kusa da ita a gaban ɗalibai da malamai. Uwar ta juya ta tafi ba sallama.

Sati guda Mai Sabulu ba ta amsa saƙonsa ba, sai da ya ba ta haƙuri baki da baki. Uwar kuwa wata biyu ta ɗauka. Sannan ta kira ɗanta ta ce malama ta kawo mata gulma, shi ya kawo mata ƙarya, yarinyar nan ce kaɗai ta kawo mata gaskiya. Ya je ya turo manya.

Kwana goma bayan ya kare digirinsa aka ɗaura aure. Uwar ta dafa kan amarya ta ce Allah Ya yi albarka, Ya ba su zuri'a mai kallon sama wadda ba ta raina ƙasa. Farfesa ya aiko da kyauta a ƙaramin akwati: dutsen nan ne, tunda bincike ya gama da shi.

Washegari da safe ta tashi ta share ɗakinta, ta goge taga da madubi da littattafansa. Da ta zo kan dutsen, ta tsaya da tsumma a hannu. Ta bar shi da ƙurarsa, ta je ta ɗora ruwan shayi.